Wa ke wanke almakashin likita? Sana'ar da ta rasa takarda a asibitocin Adar

Sanin kowa ne cewa idan aka fito da marar lafiya daga ɗakin fiɗa a babban asibitin jaha na Tawa, ko aka ciro wa mace jariri lafiya a cibiyar lafiyar uwa da yaro, likitan fiɗa ne dangi ke nema su yi wa godiya, daga shi sai ungozoma, sai majo. Wannan daidai ne, sun cancanta. Amma almakashi da hantsaki da sauran ƙarafan da suka shiga cikin wannan baiwar Allah, jiya ko ɗazu da safe sun shiga cikin wani mutum dabam, wanda Allah kaɗai ya san cutar da ke yawo a jininsa. Tsakanin marar lafiya na farko da na biyu akwai wani ma'aikaci da ya karɓi ƙarafan nan da jininsu, ya wanke, ya busar, ya naɗe, ya gasa ko ya turara. Idan ya yi daidai, ba wanda zai san da zamansa. Idan ya kuskure, rauni ya ruɓe, sai a ce hannun likita bai yi kyau ba, ko a ce kwana ne ya ƙare. Wannan ma'aikaci sau da yawa ba shi da difloma ta wannan aiki, ba shi da matsayi a jerin ma'aikatan gwamnati, wani lokaci ma ba shi da albashi. A kansa za mu yi magana a wannan mako.

Aikin da ake zaton wanke-wanke ne

Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna ɗaukar wannan aiki tamkar wankin kwanonin tuwo, wanda kowace yarinya ta iya. To, bari mu bi ƙarafan daga teburin fiɗa mu gani. Da zarar an gama aiki, dole a hana jini bushewa a kansu, domin jinin da ya bushe a gaɓar almakashi mafaka ce ga ƙwayoyin cuta. Sai a buɗe kowane ƙarfe, a kwance abin da ke kwancewa, a goge da buroshi da sabulun da aka yi domin haka, hannu a ƙarƙashin ruwa don kada ya fantsamo a ido. A ɗauraye, a busar, a duba ɗaya bayan ɗaya ko akwai tsatsa ko sauran nama ko haƙorin da ya karye. Bayan haka ne ake jera su cikin akwati ko a naɗe su, a rubuta rana, a sa cikin na'ura. Ƙa'idar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce, zafi ba ya tsarkake abin da ba a wanke ba: ƙarfen da ya shiga na'ura da datti yana iya fitowa da cutarsa.

Na'urorin da aka fi sani a asibitocinmu iri biyu ne. Akwai pupinel, tanda ce ta busasshen zafi, mai sunan wani likitan Faransa da ya ƙirƙiro ta a 1885. Tana bukatar zafi digiri 160 har awa 2, ko digiri 170 har awa 1, kuma ba a fara ƙidayar lokaci sai zafin ya kai. Idan aka buɗe ƙofa a tsakiya saboda likita na gaggawar almakashi guda, ko wuta ta ɗauke, ƙidaya ta koma farko. Akwai kuma otoklab, tukunya ce mai turara kaya da tururin ruwa a matse, wadda Charles Chamberland, abokin aikin Pasteur, ya fito da ita a 1879. Takan gama da kayan da aka naɗe cikin minti 30 a digiri 121, ko cikin ƴan mintoci a digiri 134, amma da sharaɗi: a fitar da iskar da ke ciki, kada a cusa kaya fiye da kima, kuma ƙunshin da ya fito a jiƙe ba a yarda da shi. Ɗan zanen manne da ake liƙa wa ƙunshi, wanda ke sauya launi, yana nuna cewa ƙunshin ya ga zafi ne kawai, ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Tafasa kaya minti 20, abin da ake yi inda babu na'ura, yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta, amma ƙwayar tetanos, wato ciwon sarƙe haƙora, tana da sulken da ke iya tsirar da ita.

Bugu da ƙari, dole ma'aikacin ya san rabon kaya gida 3 da wani masani ɗan Amurka, Earle Spaulding, ya tsara fiye da shekara 50 da suka wuce. Abin da ke shiga cikin nama ko jini, sai an kashe komai da ke kansa. Abin da ke taɓa cikin baki ko maƙogwaro ko al'aura ba tare da yanka ba, yana bukatar magani mai ƙarfi. Abin da ke taɓa lafiyayyar fata kawai, kamar ɗamarar awon jini, gogewa da magani ta wadatar.

Sai kuma lissafin ruwan jabel. Jabel mai digiri 12, idan ana son ruwan kashi 0,5 cikin 100, ma'auni ɗaya ake zuba wa ma'auni 6 na ruwa. Mai digiri 8 kuwa ma'auni 4 ake zuba masa. Wanda bai iya karanta abin da ke jikin kwalba ba, da ido zai haɗa. Kuma ruwan da aka haɗa ba ya kwana, zafi da hasken rana suna cinye ƙarfinsa, balle a Tawa inda zafin watan Afrilu da Mayu ke zarce digiri 40. Abin lura ma a nan shi ne, shekara da shekaru ana koya wa ma'aikata su jiƙa ƙarafa minti 10 cikin jabel kafin wanki, amma a littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2016, ta daina ba da wannan shawara, domin jabel na cin ƙarfe, kuma jini na rage masa ƙarfi. Ilimin wannan sana'a yana sauyawa ke nan. Wanda ya koya a hannun magabacinsa shekara 15 da suka wuce, wa zai kai masa labari?

Ɗan hakin da ka raina

Alƙaluman OMS sun nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, mutum 11 cikin 100 da aka yi wa fiɗa rauninsu na kamuwa da cuta, kuma a Afirka abin yakan kai mace 20 cikin 100 daga waɗanda aka ciro wa jariri. A rahotonta na 2022 hukumar ta ce cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, 15 sukan ɗauki wata cuta a asibitin kansa a ƙasashe irin namu, alhali 7 ne a ƙasashe masu arziki, kuma tsafta da kiyaye ƙa'ida na iya hana kashi 70 cikin 100 na waɗannan cututtuka. Ƙarafa ba su kaɗai ke jawo wannan ba, akwai hannuwa da ruwa da shimfiɗa da ƙurar ɗaki, amma dukansu a hannun rukunin ma'aikata ɗaya suke, wato masu wanki da shara da gasa kaya.

Tarihi ya ba da misalai masu ban tsoro. A 1976, a asibitin Yambuku da ke ƙasar Zayar ta lokacin, sirinji 5 ake fitarwa da safe a yi wa duk wanda ya zo allura da su har yamma. Ta nan cutar Ebola ta bazu, mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu. A Masar, daga shekarun 1950 zuwa na 1980, an yi wa miliyoyin manoma allurar maganin tsargiya da sirinjin gilas da ba a tafasa yadda ya kamata ba. Da aka yi bincike a 2008, sai aka tarar kusan kashi 15 cikin 100 na manyan ƙasar suna da alamar ciwon hanta nau'in C a jininsu. Niyya mai kyau ce ta sa aka yi allurar, amma ƙasar ta share shekaru tana biyan bashin tukunyar da ba a bari ta tafasa ba.

Ba sai mun je nesa ba. A Maraɗi, wajejen 2007 zuwa 2008, masu bincike sun duba yara masu tamowa da aka kwantar a wata cibiyar jinya. Kusan ɗaya cikin uku sun zo da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani a hanjinsu, amma cikin waɗanda suka zo babu su kuma aka sake dubawa ranar sallama, fiye da 9 cikin 10 sun ɗauka a can. Irin waɗannan ƙwayoyin, idan suka shiga raunin fiɗa, ƙananan magungunan da aka saba ba sa jin su, sai masu tsada, kuma dangi ne ke kai takarda farmasi.

Nauyin da ya ƙaru a Tawa

Idan ba a manta ba, a 2005 gwamnati ta mai da fiɗar ciro jariri kyauta, a 2006 ta ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. A tsakiyar shekarun 2000 ɗin ne kuma aka fara horar da likitoci na shekara guda domin su riƙa yin fiɗa a asibitocin gundumomi, don kada macen da naƙuda ta gagara a Abalak ta jira motar da za ta yi kilomita kimanin 135 zuwa Tawa. A 2024 aka sake rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Duka waɗannan matakai ne na alheri, sun ceci rayuka. Sai dai kowace fiɗa da ta ƙaru, akwatin ƙarafa guda ne ya ƙaru a gaban mai wanki, kuma kowane ɗakin fiɗa da aka buɗe, a Kaita ne ko Buza ko Cintabaradan, yana bukatar wanda ya san otoklab kamar yadda yake bukatar wanda ya san wuƙa. An yi tunanin horar da likita da mai sa barci. Mai gasa ƙarafa kuwa, galibi wanda aka tarar a wurin ne aka nuna wa maɓalli.

Arewacin jahar ya riga ya ɗanɗana ranar da wannan ilimi ke zama batun rai da mutuwa. A watan Agusta na 2016 makiyaya suka fara zuwa asibitin Cintabaradan da masassara da zubar jini. Sai a watan Satumba ne cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar da cewa masassarar kwarin Rift ce, wadda ake ɗauka daga jinin dabbobi da ɓarinsu, kuma kafin ta lafa ta kashe fiye da mutum 30. An yi sa'a, ba a taɓa tabbatar da cewa wannan cuta na wucewa daga mutum zuwa mutum ba. Amma kafin amsa ta zo daga Dakar, wanda ke goge jinin da ke ƙasa da wanda ke wanke zannuwa ba su san da me suke hulɗa ba. A 2021 kuma amai da zawo ya kama fiye da mutum dubu 5 a Nijar, ya kashe fiye da 150, kuma jahar Tawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A sansanin masu wannan ciwo ruwan jabel iri 3 ake haɗawa: mai kashi 2 cikin 100 domin amai da kashi da gawa, mai kashi 0,2 domin gadaje da daɓe, mai kashi 0,05 domin hannu. Wanda ya rikita bokitai, ko ya ƙone hannuwan mutane, ko ya bar cuta ta bi ƴan jinya gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba kuma a koyon wannan lissafi ranar da annoba ta sauka.

Ga kuma wuta da ruwa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nigelec ke rabawa, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumi a farkon 2024. Ko a lokacin zaman lafiya, asibitin karkara ya san ɗaukewar wuta. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa kuwa yana toshe otoklab, yana bar wa ƙarafa tabo. A irin wannan hali, na'ura ba ta yanke shawara da kanta. Mutum ne zai ce wannan zagaye bai cika ba, a sake.

Kura da shan bugu

To, su wane ne waɗannan mutane? Makarantun kiwon lafiya na ƙasa, ENSP ta Yamai mai sunan Damure Zika da ta Damagaram, suna yaye malaman jinya da ungozomomi da ma'aikatan ɗakin awo da ƙwararrun tsafta. Waɗannan suna da difloma da lambar aiki da matakin ƙarin girma. Amma ƙwararren tsafta guda yana iya riƙe asibiti ɗungurungum ko gunduma baki ɗaya, hannunsa ba ya isa kowane baho. Hannuwan da ke cikin ruwan jini kullum na leburori ne da matan da ake kira "filles de salle" da masu aikin sa-kai. A tsarin aikin gwamnati, ma'aikata na rukunin A da B da C da D ne, su kuwa waɗannan, idan ma an ɗauke su, cikin mataimaka ake lissafa su tare da masu gadi da masinjoji.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1990, lokacin tsuke bakin aljihu da bashin albashi da karyewar darajar sefa ta Janairun 1994, gwamnati ta taƙaita ɗaukar ma'aikata. Dokar 1995 ta sa marasa lafiya su riƙa biyan wani abu, kwamitocin gudanarwa suka riƙa sallamar ƙananan ma'aikata daga wannan asusu, wasu kuma ƙananan hukumomi suka ɗauke su. Sauran suka shigo a matsayin ƴan sa-kai, suna jiran ranar da za a tuna da su. Doka ta yanke mafi ƙarancin albashi jika 30 da ɗoriya a 2012, aka kai shi jika 42 a 2024, amma wanda ba a rubuta sunansa a takardar aiki ba, da wace hujja zai nema? Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda ya fito a 2003, ya nuna yadda aiki ke gangarowa a asibiti daga babba zuwa ƙarami, har lebura ya wayi gari yana ɗaurin rauni ko allura. Aikin da kowa ke ƙyama, wato jini da datti, shi ne ke fara gangarowa, ya tsaya a kan wanda ba shi da wanda zai miƙa wa.

Shi ne kuma ya fi kowa fuskantar haɗari. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini. Wanda allurar mai wannan ciwo ta soka, idan ba a yi masa rigakafi ba, haɗarin kamuwarsa na iya kai kashi 30 cikin 100, alhali na sida bai wuce 3 cikin dubu ba. Rigakafin wannan ciwo sai a 2008 ya shiga jerin alluran jarirai a Nijar, ke nan duk ma'aikacin da aka haifa kafin nan bai same shi a goye ba.

Gaskiya ne ƙungiyoyin agaji da ofishin lafiya na jaha sukan shirya taron ƙara wa juna sani na kwana 3 ko 5, kuma yana da amfani. Amma takardar halarta da ake rabawa a ƙarshe ba ta ƙara wa mutum ko dala a albashi, ba ta ba shi mataki, kuma sau da yawa shugaban sashe ne ke zuwa taron, mai buroshi na can bakin baho. Babbar illar rashin takarda ma ita ce rashin baki. Ranar da ƙunshi ya fito a jiƙe, likita na jira, mace na zubar da jini, wa zai ce a dakata a ɗauko wani akwati? Leburan da ake iya kora gobe da safe ba ya musu da likita. Ma'aikacin da ke da difloma da rijista da sa hannu, wanda doka ta ɗora wa alhaki, shi ke iya cewa a'a, kuma wannan a'a ɗin ce ke tsare marar lafiya.

Yadda wasu suka yi

A Faransa, tun 2001 ƙa'idojin asibiti suka hana gasa ƙarafa da busasshen zafi, kuma aikin tsarkake kaya yana ƙarƙashin kulawar babban mai haɗa magunguna na asibiti. Akwai bakaloreya ta sana'a da ta haɗa tsafta da tsarkake kayan asibiti, akwai kuma dokar 2002 da ta ba wanda ya daɗe yana aiki damar gabatar da gwanintarsa gaban alƙalai a ba shi difloma ba tare da ya koma aji ba. A Amurka, mai neman takardar wannan sana'a sai ya ci jarrabawa ya kuma yi awa 400 yana aiki da hannunsa, sa'an nan ya sabunta iliminsa kowace shekara, wasu jihohi ma sun mai da takardar dole. A Ingila ma'aikatan suna da ƙungiyar sana'arsu mai shirya horo da jarrabawa.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin masu kuɗi ne. A nan Adar, wanzami ba ya miƙa wa yaronsa aska sai ya shekara yana riƙe zabira yana kallo, kuma sana'ar na da sarkinta da ake kai wa ƙara. Haka maƙera, haka mahauta. Ɗan kasuwar da ya loda albasar Galmi zuwa Abijan ba ya ba da makullin mota ga wanda ba shi da permi, kome kirkinsa. Mun san darajar yaye ɗalibi tun kafin zuwan Nasara. Abin mamaki shi ne a ce ƙarfen da zai shiga cikin ɗan Adam ne kaɗai aka bar wa koyon gani.

Abin da za a iya yi

Mataki na farko ba ya cin kuɗi: ofishin lafiya na jaha ya ƙidaya duk masu wannan aiki, daga babban asibitin Tawa har asibitocin gundumomi da gidajen likita na CSI, a san sunansu da shekarunsu a bakin aiki da wanda ke biyansu. Na biyu, a shirya horo na watanni, rabi a aji rabi a ɗakin na'ura, a nan Tawa, da malamai daga ENSP da ƙwararrun tsafta na jaha, kuma a koyar da Hausa da Tamajak ga wanda faransancinsa bai kai ba, tare da karatun lambobi da cika rijista. Jarrabawar ta zama ta hannu: ga akwati mai jini, ga jabel, ga otoklab, nuna mana. Na uku, a ba da takardar ƙwarewa irin CQP da ake ba masu sauran sana'o'i, wadda ma'aikatar kiwon lafiya da ta aikin gwamnati suka amince da ita, a buɗe wa tsofaffin hannu ƙofar samun ta da gwanintarsu. Na huɗu, takardar ta zo da matsayi da albashi da hanyar hawa, ta yadda yarinyar da ta fara da buroshi za ta iya zama ƙwararriyar tsafta wata rana. Na biyar, allurar rigakafin ciwon hanta sau 3 ga kowannensu, da safar hannu mai kauri da tabarau da takalmin roba. Na shida, kowane zagayen na'ura a rubuta shi a rijista, da zafi da lokaci da sa hannu, domin idan rauni ya ruɓe a san inda za a duba.

Za a ce ina kuɗi. Amsa ita ce ana biyan kuɗin nan tuni, sai dai talaka ne ke biya. Macen da rauninta ya ruɓe takan ƙara makonni a gado, a sake buɗe ta, a sayar da akuya ko buhun hatsi a sayi allurai, gadon da take kai kuma wata na jira. Za a kuma ce wanda aka horar zai gudu asibitin kuɗi ko ƙungiyar agaji. Wasu za su tafi, amma duk inda suka je ƴan ƙasa za su yi wa aiki, kuma albashi mai kyau ne ke riƙe ma'aikaci.

Ga ƴan kasuwarmu na gida da na Abijan da sauran wuraren ci-rani, waɗanda suka saba gina ɗakunan jinya da sayen motar ɗaukar marasa lafiya domin garuruwansu, Allah ya saka. Muna tuna musu cewa ɗaukar nauyin horon mutum biyu daga garinsu, ko sayen otoklab mai aiki da gas da na'urar tace ruwa, sadaka ce da ba a rubuta suna a bangonta amma tana aiki kowace rana. Asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a, wanda wani ɓangare na kuɗinsa daga harajin kamfanoni yake fitowa, hakkinsu ne su tambaye shi ko wannan sana'a na cikin lissafinsa. Masu sayar da jabel kuma su sayar da mai takarda a jiki, su raba shi da rana. Ga ma'aikatan gwamnati masu tsara matakan aiki da kasafin kuɗi, da ƙungiyar ƙwadago ta SUSAS, ga aikin da ke jiran alƙalaminku. Kada wani ya dogara da cewa shi Yamai ko waje za a kai shi: wanda mota ta kife da shi tsakanin Tabalak da Abalak, asibiti mafi kusa za a kai shi, da ƙarafan da aka wanke a wurin za a ɗinke shi, ko darakta ne ko ɗan dako. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Tun ranar 2 ga Maris 1993 ƙasar nan ta kafa dokar tsaftar jama'a. Fiye da shekara 30 ke nan. Muna kira ga magabata, daga gwamnan jaha har ministan kiwon lafiya, da su waiwayi mutanen da ke aiwatar da tsaftar da hannunsu, su ba su ilimi da takarda da matsayi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare masu jinyarsu.